Ranar da Gwaggo ta yi ajiyar zuciya

Yau da safe motata Gwaggo ta sake mutuwa, kuma ba ta tashi mutuwar ba sai a tsakiyar mahaɗar titi, surukina yana zaune a kujerar gaba da sandarsa tsakanin ƙafafu. Gwaggo ta girmi babbar 'yata, ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje, amma ina son abata, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Asibiti muka nufa. Baba, wato surukin nawa, yana fama da yana a idanunsa, har ta kai ba ya gane jikokinsa sai sun yi magana. Likitan idon kuwa jefi-jefi yake zuwa, wanda ya rasa shi yau sai ya jira wani zagayen. Da ma akwai babban asibitin ido da Mai Girma Sarkin Alkawari ya ce zai gina mana, Allah ya ƙara masa lafiya. An aza tubalin ginin, an sake azawa, yanzu awaki ke shan inuwa a ƙarƙashin allon.

Kafin mu fito uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, ka ji ni da kyau. In motar nan ta sa Baba ya rasa likita, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ɗora ta a sikeli." Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa na san da gaske take.

Ciwon Gwaggo da wahalar mai ya fara. A rediyo Mai Girma ya tabbatar mana cewa mai ya wadata, layin da muke gani firgici ne kawai irin na talaka. To, cikin wannan firgicin na yi ta zama har gemuna ya tofo, na san sunan 'ya'yan mutumin da ke gabana, kafin Allah ya sa na cika tanki. Washegari na fito na tarar an ɓalle murfin tankin, an zuƙe man tas, an tafi da murfin ma.

Maƙwabcina tela, wanda ba ya rasa shawara ko ba a tambaye shi ba, ya ce, "Malam, je wurin mai walda ya yi maka murfin ƙarfe mai kwaɗo. A shimfiɗa roba a ciki ta kama gam. Ko ƙamshin kada ya fita, ai shi ma a layi ka samo shi." Haka aka yi. Na dawo gida ina taƙama da tankin da ya fi baitulmali tsaro.

Bayan 'yan kwanaki Gwaggo ta shiga wani hali. Da safe ta tashi lafiya lau, mu yi tafiya mai ɗan nisa, sai ta fara tari. In taka totur, ta yi kamar ba da ita nake ba, ta yi ta fizga, ta mutu.

Na kai ta wurin makanikena, wanda duk unguwa ke kira Sai-Gobe. Mutumin nan da a ce ya samu kujera, da ya yi nisa, domin salon aikinsa irin na manya ne. Ranar farko ya ce filtar mai ce ta toshe, ya sauke ta ya naɗa sabuwa. Da aka dawo ya ce famfon mai ne ya gaza, shi ma aka sauke shi. Sannan ya kwance kafireto ya wanke da buroshi, ya hura kowace ƙofa da bakinsa. Daga nan ya ce ruwa aka haɗa mana da man, ya tsiyaye tankin a baho, muka tsuguna muna leƙe, ba mu ga ko ɗigo ba. Kowane karo, kafin ya murza makulli, sai ya karɓi ɗan makullin kwaɗo ya buɗe tanki ya zura kara ya ga ko da mai. Gwaggo ta tashi da ƙarfinta, shi kuma ya goge hannu yana murmushi, saura kawai a kira mai hoto.

Da na koma karo na ƙarshe na ce, "Sai-Gobe, ba abin da ya rage ba ka canza ba sai ni."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Maigida, gaskiya matsalar nan gadonta muka yi. Wanda ya riƙe motar kafin kai shi ya lalata komai."

Bawan Allahn da yake nufi ya daɗe da rasuwa. Na san inda ya koyi wannan karatun, kullum rediyonsa a kunne yake.

To yau ga ni a tsakiyar titi, ana ta danna min hon, gumi ya jiƙa min riga. Wasu bayin Allah suka taya ni tura ta gefe. Na buɗe bonet na ƙwanƙwasa famfo da sifana, na girgiza tiyo, na zagaya baya na buɗe kwaɗo na zura kara kamar yadda na ga ana yi. Na murza makulli, ta tashi. Ba mu yi nisa ba aka tsare hanya, wai wani Mai Girma zai wuce. Muka zauna muna kallon jerin motoci masu jiniya, kowacce da direba shi kaɗai, wata ma ina jin hular Mai Girma kawai ta ɗauko. Ana buɗe hanya, muka ɗan taɓa tafiya, Gwaggo ta sake yin tari ta kwanta.

A nan gabana ya faɗi sosai. Na dubi tsohon nan da ya yi wanka tun da sassafe ya sa rigarsa mai kyau don ganin likita, tausayinsa ya kama ni, kunya ta rufe ni.

Baba ya juyo da kunnensa wajena ya ce, "Ɗana, me ka toshe wa motar nan a baya?"

Na ce, "Ba komai, Baba, murfi ne kawai."

Ya ce, "Ɗazu da ka buɗe, na ji ta yi ajiyar zuciya. Je ka sake buɗewa, ka kasa kunne."

Na je na murɗe murfin a hankali. Sai ga shi kuwa, fuuu, tankin ya ja iska kamar wanda aka daɗe da danne wa hanci. Ashe tsohon murfin da ɓarawo ya tafi da shi yana da 'yar ƙofar iska. Mai yana fita, iska tana shiga ta maye gurbinsa. Ni kuwa na sa an liƙe ko'ina, famfo ya yi ta ja har ya rasa ƙarfin ja. Na ɓare robar na jefa a but ɗin motar, na ɗora murfin sakwa-sakwa. Gwaggo ta kai mu ƙofar asibiti ko tari ɗaya ba ta yi ba.

Muka shiga da sauri, ma'aikaciyar jinya ta ce mu samu wuri mu zauna, likita bai iso ba. Na tambaya ko lafiya. Ta ce lafiya ƙalau, yana layin mai.

Na bar Baba a kan benci, na tambayi wane gidan mai, na je. Na sami likita zaune kan bonet ɗin motarsa yana fifita da jarida. Na roƙe shi, ya bar wa ƙaninsa da ke tare da shi makullin motarsa, na buɗe masa ƙofar baya daga waje, Gwaggo ta kawo shi asibiti kamar wani babban baƙo. Ya duba Baba, ya ce aikin mai sauƙi ne, ya sa mana rana. Da muka koma gida uwargida ta ji labari, ta dubi motar ta ce a bar ta ta ƙara shekara. Tela kuwa ya ce shi da ma ya so ya ce a bar 'yar ƙofa.

Saboda haka, ranku ya daɗe Masu Girma, ga ɗan abin da na koyo a bakin titi, kyauta na ba ku. In kun ga talaka yana tafiya yana tari yana tsayawa, ba sai kun sauke wannan kun naɗa wancan ba, ba sai kun tono wanda ya riƙe mu kafin ku ba. Ku zagayo baya ku ɗan sassauta murfin.

Af, na kusa mantawa. A hanyar dawowa Baba ya dafa hannuna ya ce, "Ɗana, ranar da aka cire min yanar nan, kafin gida, ka fara kai ni in ga man nan da ya wadata. Kullum ina jin sa a rediyo, na ɗauka idona ne." Na ce to, Baba. Har yanzu ina tunanin wanda zai gaya masa, ni ko likita.