Tumatirin da Ya Jira Mai Girma

Jiya Laraba na ci tuffar Turawa, jama'a, irin mai ɗan tambari manne a jiki, wadda ta keto teku kafin ta iso bakina, ni da ko Kaduna ban taɓa wucewa ba. A wajen ƙaddamar da shirin "Mu Ci Namu" aka ba ni ita, kuma wallahi ban ji daɗinta ba.

Bari in faro muku daga tushe. Maƙwabcina Maharazu manomin rani ne, tumatir yake yi a bakin ruwa. Duk wanda ya san sana'ar ya san ba a barin tumatirin da za a kai Kudu ya nuna a gona. Da ya fara ja ake tsinke shi, ya ƙarasa nuna cikin kwando a bayan mota. Ana nan sai ga wasu samari masu manyan riguna, wai 'yan kwamiti, suka ce Mai Girma Gatan Manoma zai zo ranar Asabar ya ga amfanin gona da idonsa, kuma nan take wani kamfani zai kwashe duk abin da aka baje. Sharaɗi ɗaya ne: tumatir ya yi jawur a jikin itacensa, don kore ba ya kyau a hoto.

Na ce masa, "Maharazu, gobe fa motar Ɗantala direba za ta yi lodin Kudu. Ka tsinke ka sa naka."

Ya ce, "Haba Malam, manya su tako har gonata su ce in jira, in ƙi? Ai da kunya."

Mota ta tafi ba kayansa, alhali noman ranin nan shi ne abincin gidansa har kaka.

Asabar ta zo aka ɗaga zuwa Litinin, wai Mai Girma yana wata ganawa. Litinin aka ce sai Laraba. Shi kuwa tumatir ba ruwansa da ganawa. Ya nuna, ya yi laushi, ya fara tsiyayar ruwa. Matarsa Hajjo ce ta ce a ceci abin da ya saura. Wuni guda suka yi suna yankawa, suka shanya a gefen kwalta don ya bushe ya zama kauɗa, ko sa samu na miyar damina.

Laraba da hantsi 'yan kwamiti suka iso duba hanya. Babbansu ya toshe hanci ya ce, "Wa ya zuba wannan ƙazantar a hanyar Mai Girma?"

Maharazu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kayan baje kolin ne."

Aka sa tsintsiya aka share shi tas cikin kwalbati. Ina tsaye ina kallo, raina ya ɓaci.

Amma fa a yaba wa kwamiti, sun iya shiri. Da suka ga babu abin ɗorawa a tebur, tuni sun sauke katan-katan na tuffa da inabi daga birni, aka jera su ƙarƙashin bishiyar mangwaron da 'ya'yanta ke faɗowa ba mai ɗauka. Mai Girma ya yi jawabi mai ratsa zuciya kan cin abin da ƙasarmu ta noma da kare muhalli, motocinsa goma sha huɗu suna kunne a bayansa don kada kujeru su ɗau zafi. Muka tafa har tafukanmu suka yi ja.

Daga ƙarshe aka raba tallafi. Kowane manomi tuffa ɗaya da gwangwanin tumatir biyu, masu rubutun wata ƙasa da ban san sunanta ba. Mai hoto ya ce Maharazu ya ɗaga nasa ya yi murmushi. Bawan Allah ya yi.

A hanyar gida ya miƙo min gwangwani ɗaya ya ce, "Malam, duba min, yaushe zai lalace?"

Na laluba lambobin na ce, "Sai nan da shekara biyu."

Ya jinjina kai ya ce, "To, ka ga irin wanda ya kamata in shuka. Wannan shi zai iya jiran Mai Girma."