Yadda Za Ka Yi Mako a Birnin Dutse Ba Tare da Ka Hau Dutsen Ba

Idan kana cikin mazan da cikinsu ke ɗurar ruwa da zarar ƙafarsu ta bar ƙasa, kuma ga shi 'ya'yanka sun haɗa kai sun shirya muku hutun mako guda, kai da matarka, a wani birni da ke gindin dutse, to kwantar da hankalinka, ka zo gidan magani. Na yi maka alkawari: ka bi matakan nan, za ka ci daɗi, ka sha kallo, ka dawo gida da mutuncinka, matarka ba ta gano kana tsoron sama ba. Duk dabarun an gwada su a kan maƙwabcin shagona, wanda ake kira Mai Tsani.

Mutumin nan tsani yake sayarwa, na katako da na ƙarfe, mai naɗewa da na jinginawa, amma shi kansa bai taɓa wuce taki na biyu ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. A gidansa idan ƙwan fitila ya mutu, matarsa Hajiya ce ke gyara ɗaurin zani ta hau, shi kuma ya tsaya a ƙasa ya riƙe tsanin da hannu biyu yana cewa, "Riƙon ai shi ne aikin gwanaye, hawa kowa ma ya iya." A kan wannan magana suka yi zaman aure har suka aurar da 'ya'ya, kuma a ganinsa asirinsa a rufe yake ruf. Ita kuwa Hajiya buri ɗaya gare ta a tafiyar nan: ta tsaya a ƙololuwar dutsen ta ga duniya daga sama, don ba ta taɓa hawan abin da ya wuce benen asibiti ba.

Mataki na 1: Ka nemi ɗaki a ƙasa, ka ɗora laifin a kan gwiwarta

Kuna isa masauki, ma'aikacin zai washe baki ya ce ya ajiye muku ɗaki a can sama, mai baranda da ke kallon dutse. Wannan ba masoyinka ba ne. Ka yi abin da Mai Tsani ya yi: ya rage murya, ya nuna Hajiya da haɓa, ya ce, "Ɗan'uwa, a taimaka mana da na ƙasa. Ka san gwiwa."

"Wace gwiwar?" in ji Hajiya. "Ni lafiyata ƙalau."

"Ai rigakafi ya fi magani, Hajiya."

Aka ba su ɗakin da tagarsa ke kallon bayan kicin, inda ake shanya tsummokara kusa da tankin ruwa. Mai Tsani ya leƙa, ya ga ƙasa kusa da shi har hannunsa zai iya taɓa ta, ya ce bai taɓa ganin ɗaki mai kyan wannan ba.

Mataki na 2: Ka sa wa dutsen rana, amma kada ranar ta zama yau

Kada ka kuskura ka ce ba za ka hau ba. Ragon miji ne ke ƙin abu da baki. Kai ka fi kowa yabon dutsen. Ka tsaya a bakin titi, hannu a ƙugu, ka ce, "Kai, wannan gobe sai mun taka kansa!" Idan goben ta zo, ka duba sama. In akwai gajimare, ka ce ba za a ga komai ba. In babu, ka ce rana ta yi yawa. In garin ya yi daidai, ka ce takalminka bai dace ba, sai an je kasuwa. Masana sun tabbatar dutse ba ya zuwa ko'ina, saboda haka gaggawar ta mece ce?

Mataki na 3: Ka cika mata ciki

Nan ne zuciyar dabarar. Wanda ya ƙoshi ba ya hawan dutse, kujera yake nema.

Da safe ku bi lungun bayan tashar mota, ƙamshi zai kai ku wurin matar da ke gasa burodi. Ku karɓe shi da zafinsa, a shafa man shanu, a zuba zuma har ta gangaro zuwa gwiwar hannu, a kora da shayi mai kauri. Garin akwai sanyi, don haka kofi ɗaya zalunci ne. Da rana ku gangara bakin rafi, ka lura da kalmar, gangara, inda ake gasa kifi a kan garwashi da dankali a gefe. Ka zaɓi mai ƙaya da yawa, cire ƙaya kaɗai zai kai ku la'asar. Da yamma kuma romon nama mai yaji a shagon wani dattijo mai kujeru huɗu, wanda ba ya barin baƙo ya tashi sai ya ba shi labarin duk haƙoran da aka cire masa.

Gargaɗi: Hajiya cin tsuntsu take yi, ta ɗan taɓa ta ture. Mai Tsani ne ya riƙa share kwanukan don ya ba da misali, har wandonsa ya fara kai ƙara.

Mataki na 4: Ka zaɓi wuraren kallo masu mutunci, wato na ƙasa

Akwai kasuwar rigunan sanyi, inda ciniki ɗaya zai cinye muku hantsi. Akwai gidan tarihi cike da tsofaffin agoguna, kowanne da nasa lokacin. Akwai tafkin agwagi. Akwai kuma tsohuwar gada, amma ka bi ta tsakiya kana kallon takalminka, in an tambaya ka ce ingancin ginin kake dubawa.

Wanda ya fi duka shi ne kogon da ke ƙarƙashin dutsen. Da suka fito daga ciki, Mai Tsani ya kaɗe hularsa ya ce, "To Hajiya, wanda ya ga dutse ta ciki ai ya fi wanda ya gan shi ta ka."

"Haka ne, Malam," in ji ta. "Wanda ya shiga rijiya ma ya fi wanda ya ga wata."

Idan matarka ta fara irin wannan amsa, ka saya mata gasasshiyar masara da sauri.

Mataki na 5: Ka nemi mai hoto

A dandalin garin akwai mai hoto da ya kafa ƙaton allo da zanen kan dutsen, har da gajimare. Ku tsaya a gaban allon, ka ɗaga hannu kamar wanda ya ci yaƙi. Mai Tsani ya tura wa yara hoton, suka yi ta turo yabo, babbar 'yarsu har da cewa, "Baba, ashe kai jarumi ne!"

Hajiya ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta miƙa masa wayar. Da suka koma masauki, ya fito daga wanka ya same ta a jikin taga, ta karkata wuya, tana leƙen ɗan gefen dutsen da ke bayyana tsakanin tankin ruwa da bangon kicin. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, har romon yamma ya kasa shiga. A nan sai ka kawar da kai. Tausayi shi ne babban abokin gabar wannan shiri.

Mataki na 6: Ka nisanci kejin gilashi

A ƙarshen babban titi akwai wani keji na gilashi da ke rataye a jikin waya, yana ɗaukar mutane ya lula da su kan dutsen. Duk yawon da za ku yi, kada ka bi ta nan.

Ranar da za su koma gida, suna shan shayi wurin mai burodi, Hajiya ta ajiye kofinta, ta rataya jaka, ta ce, "Malam, zauna ka ƙarasa. Zan je in dawo."

"Ina?"

Ta nuna sama.

Ya bi ta yana jero dalilai: gajimare, gwiwa, lokacin mota, wayar ma wa ya san wanda ya ɗaura ta. Ba ta waiwayo ba. Ta shiga kejin ta zauna ita kaɗai a kan benci, ta rungume jakarta a ƙirji. Sai ya ga ta yi masa ƙanƙanta a cikin gilashin nan. Bai taɓa barin ta hau komai ba tare da hannunsa na riƙe da shi ba, ga shi wannan abin ba shi da ƙafar da za a riƙe. Ƙofa ta fara rufewa. Mutumin da na ɓata bakina ina koya wa dabara ya tattara babbar riga ya faɗa ciki.

Mataki na 7: Idan ka riga ka shiga, ka rufe ido

Kejin ya yi girgiza, ƙasa ta sulale. Mai Tsani ya runtse ido, ya damƙi benci, duk addu'ar da ya sani ta fito a jere, har da ta cin abinci. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibiya.

"Hajiya," ya ce, "akwai maganar da ban taɓa gaya miki ba."

"Ta tsoron sama?"

Ya gyaɗa kai, idonsa a rufe.

"Haba Malam. Tun ƙwan fitilar farko na sani. Mutum yana taki na biyu yana salati?"

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗa in rasa mai riƙe min tsani? Shekara da shekaru ina hawa, ko sau ɗaya bai taɓa motsi ba." Ta ɓamɓare yatsunsa daga jikin bencin, ta haɗa su cikin tafin hannunta. "Yau kai ka hau, ni zan riƙe. Ai riƙon shi ne aikin gwanaye."

Haka suka kai ƙololuwa. Ita ce ta riƙa ba shi labari: ga rafin can kamar zare, ga gadar da ya duba ingancinta, ga hayaƙin mai burodi. Muryarta kaɗai ta ishe shi sanin ta samu abin da ta zo nema. Can ya buɗe ido ɗaya, amma ba garin ya kalla ba, fuskarta ya kalla, ya ga tana dariya hawaye na zuba. Ya ce min wannan kallon ya fi na kogo nesa ba kusa ba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko wandon da ya ƙi rufuwa, ko hoton allo da jikoki za su gano, ko matar da ta fi ka wayo tun ranar ɗaurin aure. Alkawarin da na yi a farko na masu bin mataki ne har ƙarshe, ban da masu faɗawa keji don soyayya. Masu ƙorafi su same ni a shago. In ba na nan, ku tambayi maƙwabcina, za ku gan shi a taki na uku yana salati, Hajiya na riƙe da tsanin.