Sharar Bana da Kalwa

Ina shanya wanki a tsakar gida wayata ta yi ƙara. Nana Khadija ce, matar Abdulrahim, daga Samaru. Ta ce, "Yaya Zubai, sai haƙuri. Taubashinki ya riga mu gidan gaskiya bayan azahar." Na ce ta gaya masa wannan dabarar ta tsufa, domin ya taɓa aiko mini cewa ya mutu don kawai in taka da ƙafata in kai masa daddawa. Sai na ji kukanta. Na zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen zane a hannuna ina ta salati.

Abdulrahim ɗan goggota ne, ni 'yar kawunsa. A al'ada shi bawana ne, ni ke ba shi shara, 'yar kyautar taubasai, duk watan cika-ciki. Tun muna yara bai taɓa karɓa ba, wai karɓa amsa bauta ne. Ba ni da aminin da ya kai shi. Ga yadda muka rabu, Larabar makon jiya, da ya zo gidana a Unguwar Gabas da buhu ba komai a ciki. Ya gaishe ni.

"Lafiya lau, sai kewar bawana," na ce. "Wa ya kwance ka?"

"Zomo ba bawan giwa ba ne, Zubai, daji suka tara."

"Wane dajin? Ai masu gawayi sun cinye shi."

"Abin da ya kawo ni ke nan."

Ya ja kujera ya yi mini bayani. Tun da ya bar aikin lambu ya liƙe wa wasu ɗaliban aikin gona masu jirgi marar matuƙi. Suna mulmula iri cikin laka da kashin shanu kamar dawo, jirgin ya ɗauka ya watsa a bayan Bomo, inda a da ɗorawa ke tsaye reras, yanzu sai kututture da kwazazzabo. Asabar za a tashi jirgin tun ƙasa na da laima. Suna da tsamiya da maɗaci, amma kalwar da suka sayo a kasuwa tsohuwa ce, ƙwari sun huda ta. Tawa kuwa ta bana ce. Na ce ya manta da zancen, rabin buhu ya rage mini, shi zan dafa in yi daddawa, masu saye na jira.

"Jirgi ba direba," na ce, "ya dace da kai. Kanka ma haka yake yawo."

"Shi aƙalla yana dawowa inda aka aike shi. Ke aka aike ki PZ kika ɓulla Tudun Wada."

"Manomin da ƙugunsa ya ƙi duƙawa shi ke ɗaukar shirwa aiki. Zabin Bomo za su sa maka albarka, ga tuwo daga sama."

"Zabuwa ba ta cin abu mai wari. Ta fi ki tsafta. Ke da wari kike ci kike sha."

"Warin nan shi ya raini miyar gidanka."

"Na sani. In jirgin ya ɓace ma warinki zai bi ya dawo Unguwar Gabas."

Muka yi dariya har ya yi tari. Sannan ya nuna murhuna da haɓa, ya tambaye ni icen mene ne a ƙarƙashin tukunya. Na duba. Ɗorawa ce.

"Kina dafa 'ya da gawar uwa," ya ce. "Jikokinki da me za su kaɗa miya?"

Na san kalwa yanzu daga nesa ake kawo mini ita, kowace shekara nesan na ƙaruwa. Na ce masa kafin ɗorawarsa ta yi 'ya'ya ni da shi mun zama labari.

"Ni dai wataƙila. Ke kam za ki kai, mugun iri ba ya mutuwa da wuri."

Nan na ga ranar da na daɗe ina jira. Na ce kalwata ba ta sayarwa ba ce, ba ta aro ba ce. Amma ga mu a watan cika-ciki, in bawana ya zo karɓar shararsa, ba zan hana shi haƙƙinsa ba.

Ya miƙe. Ya zauna. Ya ce zai je garin Giwa ya nemo, na ce Allah ya tsare, Asabar dai gata ce. Ya ce in tuna shi ya goya ni ranar da ƙaya ta soke ni a gonar kaka, na ce aikin bawa ke nan. Ya leƙa zaure ya tabbata ba kowa, ya sa na kifa wayata don kar in naɗi muryarsa. Sannan dattijon nan mai furfura ya cire hula, ya tsuguna a gabana.

"Ranki ya daɗe."

"Kunnena ya tsufa."

"Bawanki ya zo karɓar shara."

Da hannuna na juye masa kalwar a buhunsa, ban rage ko ƙwaya ba. Na raka shi ƙofa, na riƙe masa buhun yana ɗaurewa a bayan babur, yana ta mita wai na auna masa da tsakuwa. Ya ce wadda ta fara tsirowa sunana zai sa mata, don ko akuya ta ji tsoron taɓa ta. Ya tayar da babur.

"Allah ya kiyaye hanya, bawana."

"Amin, uwar ɗakina. Amma fa na yau kaɗai."