Nomau da Kocin Guguwa

A Rijiyar Makau an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure, kuma buhun gero a wurinsa kamar matashin kai. Gidansu mutum uku ne da akuya ɗaya: shi, da mahaifiyarsa Inna Hakama, da matarsa Lantana. Allah bai ɗora wa Nomau ƙarya ba, bai ɗora masa ƙiwuya ba, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Lantana ta taɓa miƙa masa igiyar akuya ta ce ya riƙe ta dawo, ta tafi suna ƙauyensu, ruwa ya tare ta ta kwana can. Washegari ta tarar da shi a tsakar gida da igiya a hannu, akuyar ta cinye masa gefen riga. Tun daga ranar Lantana sai ta juya magana a bakinta kafin ta sake ta.

Aikin da Nomau ya fi so a duniya shi ne shata filin ƙwallo. Duk jajibirin wasa zai bi gida-gida da tsohuwar tasa yana karɓar toka, ya je filin da ke bayan firamare ya ja layi. Layin Nomau ba ya karkata. 'Yan wasan ne dai suka karkace. Sunan kulob ɗin Guguwa, amma an daɗe rabon da su kaɗa ko ganye. Har Dagaci ya gaji, ya ce ƙasar filin nan mai kyau ce, ga damina ta matso. In Guguwa ba ta ci Dutsen Gwamma a wasan da ke tafe ba, za a raba filin a shuka gyaɗa. Ranar Nomau ya kasa cin tuwo, abin da Inna Hakama ta ce ba ta taɓa gani ba tun da ta yaye shi.

Shugaban kulob ɗin, Malam Ilu Tela, ya tara kwamiti. Aka yanke shawara a ɗauko koci daga birni, wani Sabitu, a gwada shi har ranar wasan, sannan a ga ko ya dace a ba shi ƙungiyar.

Wata rana Malam Ilu ya kira Nomau ya ce, "Yau koci zai sauka. Je ka tasha. Mutumin da ka gani da wandon 'yan wasa mai ratsi, da usur a wuya, shi ne. Ka taho da shi, ka ce abinci na jiransa."

Nomau ya tafi. Yana shiga tasha ya ga mutum da wando mai ratsi da usur a wuya, yana ɗaga wa wata motar kaya hannu tana ja da baya. Ya gaishe shi ya ce abinci na jiransa. Mutumin, wanda ɗan kamasho ne kuma tun safe bai karya ba, bai tsaya dogon bincike ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a gidan Malam Ilu, ya buɗe kwano, ya gama da zakara ɗaya. Yana suɗe hannu Malam Ilu ya tambaye shi wane tsari zai yi wa yara.

"Manya a baya, ƙanana a gaba," in ji shi. "Wadda ta cika ta tashi."

Kwamiti na jinjina kai, sai ga wani mutum ya yi sallama a ƙofa, ya haɗa gumi, akwati a ka, wando mai ratsi, usur a wuya. Koci Sabitu ke nan, ya tako da ƙafa tun daga tasha. Romo ya tarar.

Malam Ilu ya dubi Nomau. Nomau ya ce, "Malam, ba ka ce su biyu ba ne."

Wata rana kuma, da yake 'yan kwamiti duk suna sharar gona, Malam Ilu ya rasa wanda zai sa ido a kan baƙon sai Nomau. Ya ce, "Duk inda ya je ka bi shi, ka ga abin da yake yi. In lokaci ya yi za mu tambaye ka ko ya dace da mu."

Koci ya fita wurin mai shayi, Nomau na bayansa. Ya je aski, Nomau ya tsuguna a gabansa. Ya ɗauki buta ya zaga, da ya fito ya yi karo da ƙirjin Nomau a bakin zana. Bayan azahar ya kishingiɗa, da ya buɗe ido ya ga fuskar Nomau kamar faifai a kansa, ya yi ihu har maƙwabta suka fito da sanduna, sun ɗauka maciji ne.

"Kai wai me na yi maka?" in ji koci.

"Ba ka yi komai ba tukuna, Koci. Ina jira ne."

Da yamma Malam Ilu ya tambaye shi me ya gani. Nomau ya ce koci yana shan shayi da madara biyu, yana munshari, kuma har yanzu bai tambayi sunan yaro ko ɗaya ba. Malam Ilu ya ce ba irin wannan yake nufi ba, ya sallame shi.

Wata rana a wurin atisaye koci ya nemi 'yan robobin nan masu tsini da ake jerawa yara suna zagaye su da ƙwallo. Aka ce babu su a garin. Ya yi tsaki, ya ce garin nan sai a hankali, sannan ya yafito Nomau.

"Kai ƙato, samo min duk abin da in an ajiye shi ba ya motsi daga wurin. Tsayinsa kamar nan." Ya nuna ƙugunsa.

Nomau ya yi tunani mai zurfi. A duk Rijiyar Makau bai san abin da ba ya motsi daga inda yake ba kamar Baba Maikano da abokan hirarsa, dattawan da ke zama a gindin ɗorawa tun hantsi har magariba. Ya je ya durƙusa ya ce koci na neman alfarma. Dattawa suka ji daɗi an tuna da su. Ya ɗauko su da kujerunsu ya jera a tsakiyar fili, a zaune kuwa tsayinsu daidai ƙugu. Koci ya buɗe baki zai yi magana, ya ga furfura, ya haɗiye, ya busa usur.

Kyaftin ɗin ƙungiyar, Tasi'u, ya taho da ƙwallo a guje. Yana isa gaban Baba Maikano ya taka ta, ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baba."

"Yauwa, ɗan Hashimu. Ya jikin mahaifin naka?"

"Da sauƙi, Baba."

Ya miƙe, ya yi taku biyu, ya durƙusa wa na gaba. Haka kowane yaro ya yi, don a garin ba a wuce babba a tsaye ko da gobara ake. Koci ya yi ta busa usur har jijiyar wuyansa ta fito. Aka kira magariba rabin yaran ba su gama gaisuwa ba. Dattawa suka tashi suna cewa wannan koci ya iya tarbiyya, sai dai ya cika hayaniya.

Wata rana koci ya tara yara ya ɗauki kara ya hau zane a ƙasa. Ya ja kibiya daga nan zuwa can, ya yi da'ira, ya gicciye ta, ya sake jan wata kibiyar ta koma inda ta fito. Ya mayar da mai tsaron baya gaba, ya mayar da Tasi'u mai cin ƙwallo baya, ya ce haka ake yi a manyan ƙungiyoyi. Yara suka yi tsuru-tsuru. Ya buga karan a ƙasa ya ce, "Gobe haka nake so in ga filin nan. Daidai haka!"

Nomau ya tsaya ya ƙare wa zanen kallo. Ya bi gari ya kwashe tokar kowane murhu, har wadda Lantana ta ajiye don miya. Washegari da aka zo wasan gwaji da malaman firamare, aka tarar da fili ya cika da kibiyoyi da da'irori, kowanne an ja shi tsaf. Alƙalin wasa ya yi ta yawo yana neman inda ake buga fenariti, ya samu wuri bakwai. Dole aka aika gidaje aka aro tsintsiya, 'yan wasa da malamai suka yi ta shara har rana ta faɗi. Lantana kuwa ta yi miyar kuka ba toka, ta ajiye wa Nomau kwano da ƙarfi, ba ta ce masa komai ba don tsoron abin da zai yi da maganar.

Ranar wasa ta zo. Dutsen Gwamma suka iso a motar kaya da ganguna. Dagaci ya zauna a kujera a bakin layi, kusa da shi mutanen da aka yi wa alkawarin gonar gyaɗa, suna auna filin da ido. Nomau ya ja layinsa tun da safe, a hankali fiye da kullum, don ya san mai yiwuwa shi ne na ƙarshe.

Kafin a fara koci ya kira shi. An gaya wa koci mutanen ƙauye kan afka fili in wasa ya yi zafi.

"Duk wanda ya tsallako layin nan, in ba ɗan wasa ba ne ko alƙali, ka ɗauke shi ka fitar, ka riƙe shi sai an tashi."

"Ko waye, Koci?"

"Ko waye!"

Aka take ƙwallo. Koci ya hau sintiri a bakin layi yana ihu. "Kai mai baƙin wando, koma! Kai dogo, ina za ka? Kai, kai, ba kai ba, wancan!" Da yake rabin yaran baƙin wando gare su kuma yawancinsu dogaye ne, duk ihu ɗaya sai mutum biyar su waiwayo. Suna waiwaye aka zura musu ɗaya. Suna tambayar juna da wa ake aka zura ta biyu. Masu jiran gonar gyaɗa suka fara gardamar wa zai samu ɓangaren raga.

An dawo hutun rabin lokaci ke nan Tasi'u ya manta an mayar da shi baya, ƙafarsa ta ja shi gaba inda ya saba. Koci ya fusata, ya tsallaka layi ya nufe shi. Duk duniya babu wanda ya san inda layin nan yake kamar Nomau. Ya bi koci ya sungume shi kamar buhu, ya ratsa 'yan kallo, ya zagaya bayan aji, ya zauna a gindin darbejiya ya rungume shi ta baya.

"Kai mahaukaci, ni ne fa!"

"Na gane ka, Koci."

"Sake ni!"

"Ba a tashi ba."

Koci ya yi zagi, ya yi magiya, ya yi alkawarin ba shi usur ɗinsa. Nomau bai ko motsa ba. Amma ransa a jagule yake. Ga wasan da zai raba shi da filinsa ana yi a bayan bango, shi kuwa ba ya ganin komai sai ƙeyar koci. Can sai fili ya ɗauki ihu. Nomau bai san na su waye ba. Aka jima aka sake yin wani. Hawaye ya zubo masa, don a lissafinsa an ci su huɗu ke nan.

"Koci, don Allah yi shiru in ji."

Ihu na uku ya fi na baya, kuma a cikinsa ya tsinkayi guɗa mai tsawo wadda ke karyewa a ƙarshe. Guɗar Lantana ce, ko a kasuwa zai gane ta. Don murna ya ƙara matse koci har sai da ya yi ƙara.

Da aka busa tashi, jama'a suka kwararo bayan aji, Malam Ilu a gaba hularsa a hannu, Dagaci na biye.

"Sake shi, Nomau."

"An tashi, Malam?"

"An tashi. Uku da biyu. Mu muka ci."

Nomau ya buɗe hannu. Aka tambayi Tasi'u yadda aka yi, ya ce shi ma bai sani ba. Kawai dai wuri ya yi shiru, suka fara jin muryar juna, kowa ya koma inda ya saba tsayawa.

Dagaci ya yi gyaran murya ya ce fili ya tsira, gyaɗa ta nemi wani wuri. Sannan ya juya ga Nomau. "An ce kai aka sa ka lura da baƙon nan. To, ya dace da mu ko bai dace ba?"

Nomau ya durƙusa.

"Ya dace, ranka ya daɗe. In dai duk wasa za a riƙa ba ni shi ina riƙewa."

Malam Ilu ya juya ya tambayi koci ko ya yarda da wannan sharaɗi. Koci ya miƙe ya tafi haɗa akwati. Ɗan kamashon nan mai usur ne ya sama masa kujerar gaba a motar kasuwa.

Shi kuwa Nomau, da jama'a suka watse, ya ɗauko tasarsa da 'yar ragowar toka, ya je daidai inda takalmin koci ya goge masa layi, ya tsuguna ya cike wurin.