Stella Ta Rasu, Ba Ta Tafi Da Sirrina Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, takaici kuma ya samu ɗan gefe ya raɓa, ni Lorne Yaremko na garin Yorkton, Kwamishinan Gasar Alkama ta hokin ƙanƙara, wato ƙwallon da ake kaɗawa da sanda a kan ƙanƙara, nake sanar da 'yan'uwana masu ƙungiyoyi goma sha bakwai, da matansu da suka daɗe suna haƙuri da mu, rasuwar kwamfutarmu Stella. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya, a ɗakin ƙasa na gidana, kusa da injin ɗumama gida, inda ta zauna shekara goma sha shida ba ta taɓa neman a canza mata wuri ba.

Zan faɗi alherinta kamar yadda aka saba yi wa mamaci. Amma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake da ita. A kan gadon mutuwarta ta yi mini abin da maƙiyi bai taɓa yi mini ba. Saboda ita, ranar Lahadi mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a a kan kujerata, kuma Orest Dubik, wanda muke tare tun muna 'yan aji uku, yau kwana tara ke nan bai zauna teburin da nake shan kofi ba.

Ga waɗanda sanarwar nan za ta riska ba su san marigayiyar ba: babu ɗayanmu da ke sa takalmin ƙanƙara. Ƙaraminmu ya ba hamsin baya, gwiwoyinsa ma sun riga shi yin ritaya. Kowa dai yana da ƙungiyarsa ta 'yan wasan da ba a taɓa haifa ba. Mutum ya tsara jerin yaransa ya aiko mini ta intanet kafin Asabar ta ƙare, ran Lahadi in an taso daga coci sai in sauka ƙasa in danna maɓalli, Stella ta buga wasannin a cikin cikinta ta fito da sakamako, ni kuma in saka a shafinmu. Dokarmu ta farko ita ce dannawa ɗaya. Abin da Stella ta ce ya zauna, ba a sake wasa ko da uwar mutum ce ta zo roƙo. Ni na rubuta dokar da hannuna.

Sunan gwaggona na sa mata, domin ita ma ba ta iya aiki ba tare da gunaguni ba. In na kunna ta sai ta ce “wuuun”, ta ɗan yi shiru kamar mai tunanin ko ta fasa. In wasa ya yi zafi sai ta koma “ƙas-ƙas-ƙas”, har Darlene, matata, ta buga ƙafa daga kicin ta tambaya ko masara nake gasawa. In ta gama kuwa, “tin” ɗaya tak. Maza goma sha takwas, daga nan har bakin teku, sun sha barin abincin rana ya huce suna jiran wannan “tin” ɗin.

Marigayiya mace ce mai haƙuri. Ta sha kofi sau biyu ba da son ranta ba, ta rayu. Shekarar da ruwan narkewar ƙanƙara ya shigo ɗakin ƙasa har idon sawu, a kan bulo huɗu ta tsaya ta buga wasan ƙarshe na kaka. Ba ta san ɗan gida ba, ba ta san baƙo ba. Kuma ita ce mai riƙon tarihin gasarmu, irin tarihin da ake musu a kansa har a manta an zo bikin aure. A wurinta aka ajiye ƙwallaye tamanin da uku da wani ɗan gaba ya ci a kaka ɗaya, abin da ba zai sake faruwa ba tun da muka gyara dokar masu tsaron baya. A wurinta aka ajiye wasa talatin da ɗaya a jere da ƙungiyar Wendell, ƙanin Darlene, ta sha kashi. Wannan ma ba mai goge shi, don ko da gangan mutum ya so, ba zai iya lalacewa haka ba, kuma Wendell yana alfahari da abinsa. Sama da su duka akwai nawa. Golana Arvo Lehtisalo na ƙungiyar Diloli ya tsare raga wasa goma sha ɗaya a jere ba a jefa masa ko ɗaya ba. Shekara tara duk wanda ya shigo gasar, abin da ake fara gaya masa ke nan, a ce masa kada ma ya wahalar da kansa.

Ta rasu ta bar allo ɗaya mai tsaga a kusurwa, wanda har yanzu yana kawo haske ba shi da abin nunawa. Ta bar madannai da harafi biyu suka goge, da lasifika biyu da suka kurmance tun kafin ita. Ta bar 'yan wasa sama da ɗari huɗu marayu. Ta kuma bar ni, wanda da na san abin da ke cikinta, da tun bara na ɗauke ta na jefa a tafki kafin ya daskare.

Ciwon ajali ya fara ne a watan Nuwamba. Fankarta ta soma wani kuka, “giiir”, mai tsayawa a maƙogwaro. Sai ta koma ɗaukewa a tsakiyar wasa. Wendell, wanda gyaran kwamfuta ne aikinsa, ya yi shekaru yana damuna in bari ya kwafe abin da ke cikinta, ni kuma ina ce masa ba a taɓa Stella. Da jiki ya yi tsanani, Darlene ce ta kira shi ba da sanina ba. Ya zo da jakarsa, ya kasa kunne, ya ce, “Kwamishina, tsohuwar nan taka tana bankwana. Matsa in ceci abin da zai cetu.” Na matsa. Hankalina kwance yake, domin abin da nake tsoro na goge shi tuntuni, na ma kwashe kwandon shara na zubar.

To ga abin da na goge. Na faɗa da bakina, tunda kowa ya riga ya karanta.

Kafin Arvo, tarihin tsare raga wasa bakwai ne, kuma na golan Orest ne, mai ƙungiyar Hankaki. A waccan kakar Arvo ya kai bakwai cif, wasa na takwas kuma ya faɗo da Hankaki. Na sauka ƙasa da rigar coci a jikina, na danna. Stella ta yi ƙas-ƙas ɗinta ta ce “tin”. Diloli huɗu, Hankaki ɗaya. Wani yaron Orest mai suna Rudy Zelenka, wanda ko a atisaye ba ya samun raga, shi ya zura ta saura daƙiƙa arba'in a tashi. Na zauna ina kallon ɗayan nan. Na ce a raina, ai ni na ci wasan, ba nasarar kowa zan ƙwace ba, ƙwallo ɗaya ce tak da ba ta amfani kowa da komai ba. Babu kowa a ɗakin sai ni da ita. Na goge, na sake dannawa. Biyu da nema. Da aka tambayi dalilin jinkirin sakamako, sai na ce Stella ce ta daskare. Daga ranar suka riƙa yi mata ba'a, suna cewa a saya mata bargo, ni ma ina taya su dariya.

Wendell ya wuni yana lallaɓa ta. Da la'asar ya hau sama ya gaya mini cewa wasu wuraren sun ruɓe ba za su karantu ba. Kaka uku sun tafi ɗungurum, har da wadda na ɗauki kofin gasa da gumina, ba tare da ko ƙwarzane ba. Sauran kuma ya kwafe, kuma don kada a sake dogara da gida ɗaya, ya zuba su duka a shafinmu kowa ya ɗauka. Bai karanta komai ba. Wendell bai taɓa karanta abin da ya wuce layi biyu ba a rayuwarsa. Ashe Stella tana da wani lungu da take rubuta kowace dannawa, da ranarta da mintinta da sakamakonta, kuma ba ta taɓa gaya mini ba.

Orest kuwa tun da ya bar aiki a rumbun alkama, lokaci ne da shi kamar ya sayar. Ya ɗauko tun daga kakar farko yana bi wasa wasa da tabarau da biro. Ran Litinin da safe ina kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida, Darlene ta miƙo mini waya ta ce shi ne. Bai gaishe ni ba.

“Lorne, wasan nan namu na takwas. Sau nawa aka buga shi?”

Na ce masa ai ya san Stella da daskarewa.

“Minti huɗu ne tsakaninsu,” in ji shi. “Ga su nan a gabana. Ba ta daskare ba, mutumina. Ta gama tsaf.”

Ina jin numfashinsa.

“Yaron nan Rudy,” ya ce, “na zage shi tas a kan ba ya tsinana komai, na sallame shi a ƙarshen kakar. Ashe ya ci.”

Daga nan ya ajiye wayar. Bai ambaci ɗaya maganar ba, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Shekara tara Orest yana farautar goma sha ɗayan nan. Ya rabu da 'yan gabansa masu kyau ya musanya su da gololi, ya haƙura da kofin gasa, har ana ce masa mai kiwon gola. Shekara huɗu da suka wuce, lokacin da matarsa Halyna ke kwance asibiti a Regina, golansa ya kai goma a jere. Daga kujerar gefen gadonta yake aiko mini da jerin yaransa. A na goma sha ɗaya aka jefa masa ɗaya. Ni na danna maɓallin, ni na kira shi na ce, “Sannu, Orest, saura ƙiris.” Ya yi dariya ya ce ba komai, goma sha ɗaya sai Arvo. Tun da golansa ya kai takwas a jere tarihin ya zama nasa, kuma duk duniya ni da Stella kaɗai muka sani. Halyna ta rasu a bazarar nan tana zaton mijinta ne na biyu a tarihin.

Na san abin da za ku ce, kuma Darlene ta riga ku faɗa, ba sau ɗaya ba. Amma ku bar ni in yi nawa kukan. Shekara goma sha shida ina share mata ƙura da burushin fenti. Na hana a sa mata sabon abu don kada ya wahalar da ita. Da 'ya'yana suka saya mini sabuwa sumul a Kirsimeti, a kwalinta na bar ta, na ce ba na cin amanar tsohuwa. Da za ta manta, kaka uku ta zaɓa ta manta, har da guda ɗaya da zan iya nuna wa jikokina in ɗaga kai. Da za ta tuna, minti huɗu ta riƙe gam, da lambobinsu, ba ta bari ko ɗigo ya ruɓe ba. Ta jira sai da ta tabbata ba zan iya yi mata komai ba, sannan ta buɗe baki. Kwana takwas bayan kiran Orest ta cika. Na kunna ta, ta ce “wu”, ba ta ƙarasa ba. Ban yafe mata ba tukuna, ina dai ƙoƙari.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauko ta daga gidana zuwa wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki da ke bayan filin ƙanƙara na gari. A zo da tufafi masu kauri, an ce sanyin ranar ba na wasa ba ne. Bayan an dawo akwai kofi da perogi, dafaffen ƙullin fulawa mai cushe da dankali, a gidana. Darlene ta ce za ta dafa, amma don baƙi, ban da ni. Ba a buƙatar furanni.

Na nemi masu ɗaukar gawa huɗu, ko da yake mutum ɗaya zai iya saɓa ta a hammata. Har zuwa safiyar yau babu wanda ya amsa sai mutum ɗaya. Orest ya rubuto cewa zai zo da a-kori-kurarsa, kuma shi zai ɗauke ta da hannunsa, domin a ofishin Kwamishina ita kaɗai ce ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ya gindaya sharaɗi. Kafin a miƙa ta, in tsaya a gaban duk wanda ya zo, in cire hula, in karanta sakamakon farko da ƙarfi, da sunan wanda ya ci.

Na amince. Kuma saboda waɗanda ke nesa ba za su samu zuwa ba, ga shi tun yanzu. Diloli huɗu, Hankaki ɗaya, Rudy Zelenka ne ya ci saura daƙiƙa arba'in. Tarihin tsare raga a Gasar Alkama wasa goma ne a jere, kuma na Orest Dubik ne tun shekara huɗu da suka wuce. Wanda ke ganin zai iya gogewa, ga fili nan.

Allah ya jiƙan Stella, ya ba mu haƙurin rashinta, ni kuma ya ba ni haƙurin abin da ta bari.

Sanarwa daga Lorne Yaremko, Kwamishina, zuwa ranar Lahadi.