Manhajar da ke Tafiya Azahar

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zagi kaina a gaban Darakta, har ina buga tebur.

Lokacin an kwaso ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, ofis na ta warin fenti. Manhajar da ke riƙe bayanan ma'aikata ta biyo mu da wata ɗabi'a: da rana ta take, sai ta ƙi karɓar komai na ɗan lokaci. Masu buga takardu suka ce Azahar take tafiya (tun ladan bai yi alwala ba).

Kujerar shugaban sashen kwamfuta ba kowa, mu biyu ke harinta, ni da Madam Ladi 'yar garin Kwali. Da Darakta ya kira taro kan matsalar, na ga dama ta samu. Na miƙe na yi wa tsarin kaca-kaca, na ce wanda ya tsara shi a ɗora shi a gingimari a mayar Legas.

Darakta ya cire tabarau. "Ai kai ne. Ni na sa maka hannu a can."

Madam Ladi, ko murmushi babu, ta dube ni ta ce, "Oga, akwai dalili ko babu? In babu, mu cire shi yau."

Na ce akwai mana. Aka ce mene ne? Kaina fayau, kuma ko layi ɗaya ban rubuta a ko'ina ba. Duk da haka na kafe, na ce ni ba na yin abu a banza, ba wanda zai taɓa shi.

Sai bayan an ba Madam Ladi kujerar, ina kasuwar Dei-Dei sayen kwanon rufi, na ji an kashe janareta an tayar da wani. Nan take na tuna. A Legas tsakar rana ake sauya janareta, wuta ta ɗauke, duk abin da ake shigarwa ya lalace. Shi ya sa na hana manhajar karɓar komai a lokacin.

Har gobe ina nan kan bakana: a Legas daidai na yi, a Abuja ma gaskiya na faɗa. Sai dai yanzu ko waƙafi na gyara sai na rubuta dalili, domin wanda ya fi kowa zagin aikinka kai ne nan gaba. Madam ke dubawa, da jan biro.