Rasuwar Mabel a Gonar Awakin Trujillo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar da ta gaji da taka birki, Lorna Haskett take sanar da 'yan'uwa da abokan hanya rasuwar Mabel, motar da ta zame mata gida. Mabel ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a gonar awakin Fermin Trujillo da matarsa Eusebia, kusa da Socorro a jihar New Mexico, bayan doguwar jinya.

Marigayi Dale, mijin Lorna, shi ya kawo Mabel cikin iyali, shekarar da suka sayar da gidansu na Nebraska. Lorna ba ta so ba. Ta leƙa ta ga gadon da sai an sunkuya ake hawa, da kicin ɗin da ba ya ɗaukar mutum biyu, ta ce, "Dale, tsufa ne ya taɓa maka kai?" Ya ce, "Shiga dai, tsohuwa, shekara ɗaya ce kawai." Shekara ɗaya ta haifi wasu. Ana cikin haka Dale ya kwanta a wani asibiti a Oregon, bai tashi ba. Lorna ta fito ta tarar duk duniya ba ta da ƙofar da za ta buɗe sai ta Mabel. Ta jawo kujerar direba gaba, ta koyi tuƙa abin da take tsoro.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri, ba ta taɓa raina masauki ba. Ta kwana a gonar inabi, da bayan coci, da filin wani mai kiwon zuma, duk inda masu fili suka ce a zo a kwana ɗaya kyauta, a sayi ɗan abin da suke sayarwa, a tashi da safe tun ba a zama nauyi ba. Kullum sabuwar ƙofa, kullum sabuwar gaisuwa, kullum a ɗauko labarin Dale daga farko a bai wa mutanen da ba za a sake gani ba. Da an rufe ƙofar Mabel kuwa, murmushin baƙunta ya ƙare, mutum ya cire takalmi ya zama kansa.

Ba a ce ba ta da nata halin ba. Tana shan mai ba kunya, rufinta kuma yana yoyo daidai kan matashin kai. Amma wa zai manta da "kyar-kyar-kyar" ɗinta na safiya kafin ta yarda ta tashi, ko "kacau-kacau" na cokula in ta faɗa rami?

Ciwon ajali ya fara da tari a hawan duwatsun Colorado, sai zazzaɓi ya biyo: allurar ma'aunin zafin inji ta hau ja, ta ƙi sauka. Da ƙyar ta kai ƙofar su Trujillo. Washegari Lorna ta sayi cuku, ta yi godiya, ta murza mukulli. Mabel ta yi "kak", farin hayaƙi ya fito, shi ke nan. Fermin ya buɗe wajen injin ya duba, ya daɗe a sunkuye, sannan ya cire hularsa, ya kira ta da lakabin girmamawa na harshensu.

"Señora, injin ya tsage, ruwa da mai sun haɗu. Wannan ba makanike take nema ba, addu'a take nema."

Lorna ta hau ba da haƙuri, ta ce ta san ƙa'ida dare ɗaya ne, za ta nemo mai jan mota kafin yamma. Eusebia ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke 'yar'uwa, awakin ne za su kai ki ƙara? Wuce mu ci abinci." Da gari ya sake wayewa, Lorna ta farka babu tunanin inda za ta kwana gobe. Ta zauna a matakala ta yi kuka, ita kanta ba ta san ko na rashi ne ko na hutu ba.

Marigayiya ta bar Lorna. Ta bar kyanwa Pickle, wadda har yau take kwanciya jikin gilashin gaba tana jiran a tashi. Ta bar hular Dale a rataye, da kwalaben zumar da ba a buɗe ba, da tayoyi masu sauran rai. Ta kuma bar Corinne, 'yar Lorna, wadda ba su taɓa shiri da marigayiyar ba. Corinne ta ce a waya, "Mama, ɗakin da ke ƙarƙashin gidana a share yake tun rasuwar Baba. Ki zo haka nan." Lorna ta tambaya, "Yana da taga?" Ta ce yana da. Lorna ta ce, "To."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, in motar 'yan gwangwan ta iso daga garin Belen. Fermin zai sauke farantan solar da ke kan rufin Mabel ya ɗora a rumfar tatsar awaki. Eusebia za ta dafa wake da koren barkono saboda masu ta'aziyya, waɗanda suka zo da motocinsu kuma akwai fili bayan shinge. Corinne za ta iso da yamma.

Alfarma biyu Lorna take roƙo. Kada kowa ya turo mata hoton wata motar da ake sayarwa da sauƙi, ba za ta sake ba. In kuma an ɗaura wa Mabel sarƙar ja, ita Lorna za ta shige wajen awaki. Wanda ya ga fitar Mabel daga ƙofar gona, ya zo ya gaya mata an tafi.